Yadda nake gane dokin da zai ci sukuwa

Jama'a a Katsina harkar doki ba baƙuwa bace, tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo ake ji da mu a folo da sukuwa, amma har yau sai kaga mutum ya zaɓi doki don kawai akawal ne mai sheƙi ko sirdinsa ya burge shi. Haba malam, ai kwalliyar hawan sallah daban, gudu daban.

Ni farko ajinsa nake tambaya, wato jinsin dokin, ɗan Arewa ne, Talon ne ko ɗan Sudan, sannan tseren mita nawa ne, don wani dokin a mita 1000 kamar kibiya yake amma ka kai shi 1600 tun kafin kwanar ƙarshe ya fara haki joki, wato mahayinsa, na ta zabga mai bulala a banza. Ka bincika tserensa na baya-bayan nan, da wa ya kara, na nawa ya zo, in kullum raggaye yake kayarwa to wlh kar cin ya ruɗe ka.

Kafin a tashi tseren ku matsa kusa da dawakan. Wanda ya jiƙe sharkaf da gumi har kumfa a tsakanin cinyoyi ya ƙone ƙarfinsa tun a tsaye. Ku kalli kofato da yadda yake taka ƙasa, ɗingishi ko kaɗan ne na cire shi. Joki mara nauyi da ya saba da dokin shima babban abu ne.

Caca dai babu ruwana da ita, musun majalisa kawai nake son ci.