Kulob ɗin da ba shi da takarda

A shekarata ta ƙarshe a sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, yawancin abokaina sun zaɓi yin bincike a kan jihadi da sarautu. Ni kuwa na ce zan rubuta tarihin wani kulob ɗin ƙwallo na ma'aikatan gwamnati da ya taɓa tashe a unguwarmu, ya mutu tun ban san hannun damana ba. Malamin da ke duba aikina ya ɗaga gira, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ina za ka samo hujja?" Na ɗauka wasa yake.

Mako uku na yi ina zarya. Na leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, na bi tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian har idona ya yi ja. Labarin manyan kulob na Kano da Kaduna da Jos ga shi nan birjik, namu kuwa ko sunansa ban gani ba.

Wani mai faci ne ya nuna mini tsohon golan kulob ɗin, dattijo mai sayar da goro, yatsunsa biyu na hannun hagu a karkace saboda tarar ƙwallo. Na durƙusa na gaishe shi, na zaro takardar tambayoyi, na ce, "Baba, a wace shekara aka kafa kulob ɗinku?" Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mu ba mu buga ƙwallo da kalanda ba." Ranar haka na tashi da tambayoyi ashirin ba amsa ko ɗaya.

Da na koma, na bar takardar a aljihu, na sayi goro na zauna. Hira ta yi hira, sai ga shekarun suna fitowa da kansu. Ya ce sun sami jesinsu na farko a shekarar da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa: 1978 ke nan. Ya ce akwai wasan da suka fasa saboda rasuwar Gwamnan jihar Sakkwato Shehu Kangiwa, wanda ya faɗi a wasan folo a Kaduna. Wannan kuma Nuwamban 1981 ne. Ashe dattijon yana riƙe da kwanan wata fiye da ni, ni ne ban iya tambaya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kulob ɗin ya mutu. Na riga na rubuta a gabatarwata cewa rashin kuɗi ne, domin haka kowa ke faɗa. Baba ya girgiza kai. Ya ce da aka ƙirƙiro jihar Kebbi daga jihar Sakkwato a 1991, ma'aikata 'yan asalin can suka tattara suka koma Birnin Kebbi, ciki har da kocinsu da masu tsaron baya biyu. Suka lallaɓa da sauran. A 1996 aka yanke Zamfara, mai ajiye musu kuɗin karo-karo da mai cin ƙwallonsu suka nufi Gusau. "Ba wanda ya ci mu," in ji shi, "raba mu aka yi." Sai da na yage shafi huɗu.

Ba duk abin da ya faɗa na ɗauka ba, gaskiya. Ya rantse sun ci wani wasan ƙarshe a filin Giginya da ci uku da nema. Tsohon kyaftin ɗinsu, da na same shi daban, ya ce kunnen doki aka yi, aka je bugun fenareti. Na rubuta duka biyun, kowanne da mai faɗinsa. (Har yau ina zargin gola ba ya son tuna ƙwallon da ta wuce shi.) Giginyar ma a bakinsu filin wasa ce kawai, alhali mu a aji mun san ta da wurin da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka kara da Turawa a watan Maris na 1903.

Nasu filin na atisaye kuwa, Baba ya kai ni da kansa bayan la'asar. Shaguna ne yanzu jere, da masu cajin waya. Ya ratsa ta wani lungu, ya tsaya bayan shagon mai walda, ya share ƙasa da takalminsa. Ga guntun bututun ƙarfe, bai fi taƙi ɗaya ba, an yanke shi daf da ƙasa. Ya ce, "Nan nike tsayawa." Na ɗauki hotonsa da waya, shi na sa a shafin farko na kundin.