Wasiƙa daga Saguenay: kan kitsen da nake karantawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina lafiya, da fatan kuna lafiya. Na yi alkawarin ba ku labarin sanyin Kebek da na takardun zama, amma tambayar da ta fi yawa ita ce: wai me mutum zai je Kanada ya karanta a jikin kitse?

Kitsen jikinmu ba ajiya ba ce kawai. Ƙwayoyinsa suna ƙera wani sinadari mai suna LPL, wanda ke zama a bangon ƙananan jijiyoyin jini yana farfasa maiƙon da ya shigo daga abinci don jiki ya ɗauka. Edward Korn ne ya bayyana shi a 1955.

Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne yadda ake kammala shi. Tun yana cikin ƙwayar, ana liƙa masa sarƙar sukari a wurare 2, a matsayi na 43 da na 359 na jerin tubalan da aka gina shi da su. Kowace sarƙa tana zuwa da ɗiyan sukari 14, uku daga ciki gulukos ne. Sai kuma a bi a yanke waɗannan ukun! Kamar zaren riƙo ne da tela ke sawa kafin ɗinki na gaske, in ya gama ya zare. Kafin a cire na ƙarshe, wani furotin mai suna calnexin yana kama LPL ɗin har ya naɗe daidai. Idan aka hana wannan yanka da castanospermine, wanda ake samu daga tsabar wata bishiyar Ostireliya, LPL ɗin yana nan a cikin ƙwayar amma ba ya aiki. Idan kuwa matsayi na 43 ya rasa sarƙarsa, ba ya ma fitowa. Wallahi duk ranar da na tuna wannan sai na yi tasbihi.

A wannan yanki na Saguenay, cikin lardin Kebek na Kanada, maganar ba ta littafi ba ce. Cutar gado ta rashin LPL, wadda a duniya ke kama kusan mutum ɗaya cikin miliyan, ta fi yawa a nan sosai. Ruwan jinin mai ita yakan yi fari fat, ga ciwon ciki mai tsanani saboda kumburin fankiriyas, gaɓar cikin ciki da ke taimaka wa narkar da abinci. An amince da maganinta, Glybera, a Turai a 2012, aka janye shi a 2017. Tsadarsa ta kai wajen dala miliyan ɗaya.

Mu abin da ya fi shafarmu shi ne insulin, domin shi ke zaburar da LPL na kitse bayan cin abinci. Mai ciwon suga da bai kula ba, maiƙo kan taru masa a jini. A nan likita kan haɗa gwajin biyun. Baba da Inna masu suga, in kun je asibiti ku roƙa a duba muku maiƙon jini ma, ko da jikinku ba ƙiba.

Sanyi kuwa ya fara tun Oktoba. Maganar takardu sai wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda. A gaida kowa da kowa.