Minti 43 da aka yanke daga fim ɗin Ambersons

Duk mai son sanin yadda kamfani ke ɓata fim ɗin da aka ciro daga littafi, ya duba abin da kamfanin fina-finai na RKO ya yi wa The Magnificent Ambersons a 1942. Littafin na Booth Tarkington ne, ya fito a 1918, labarin wani gidan masu dukiya ne a Amurka da arzikinsu ya zagwanye bayan zuwan mota. Darakta Orson Welles ya ɗauki fim ɗin, aka haɗa shi ya kai kusan minti 131. Wanda ya isa sinima minti 88 ne.

Ɓarnar ta soma ne tun a takardar yarjejeniya. A Citizen Kane, fim ɗin da ya yi wa RKO kafin wannan, Welles ne ke da ta cewa kan haɗawar ƙarshe. A wannan karon bai riƙe wannan ikon ba. Ana gama ɗauka kuma ya tafi Brazil a watan Fabrairu don wani aikin, ya bar edita Robert Wise da tarin faifai. An so Wise ya bi shi birnin Rio na Brazil, Yaƙin Duniya na Biyu ya hana tafiyar. Sai ya zama darakta na aiko gyara ta wayar tangaraho, masu kuɗi kuwa suna tsaye a kan edita. Wanda ke cikin ɗakin shi ake ji.

Sai gwajin 'yan kallo. Ranar 17 ga Maris aka nuna fim ɗin a garin Pomona na jihar California, bayan wani fim na raye-raye da waƙe-waƙe, ga matasan da nishaɗi ya kawo su, wata uku da shigar Amurka yaƙi. Aka yi ta dariya a wuraren da ya kamata a yi shiru. Da aka sake gwadawa a garin Pasadena an fi karɓarsa, amma tsoro ya riga ya shiga zuciyar shugabannin kamfanin. Katin da ɗan kallo ke cikawa yana iya faɗin cewa ya gaji, ba ya iya faɗin dalilin gajiyar. Kamfani kan ɗauka tsawo ne matsalar, ya kai almakashi.

A nan ne aikin ya fi ciwo. Welles da mai ɗaukar hoto Stanley Cortez sun gina fitowa da yawa a ɗauka guda mai tsawo, kyamara na bin mutane daga ɗaki zuwa ɗaki. Liyafar gidan Amberson haka take: ana hawa bene, ana gaisawa, hira ɗaya na shiga cikin wata. Irin wannan ba ta da wani hoton gefe da za a toshe giɓi da shi. Ka cire tsakiyarta, sai a ga mutum ya tsallaka wuri, tafiyar kyamara ta karye. Mafi yawan yankan kuma ya faɗa kan rabin fim na biyu, inda ake nuna yadda gari ya cika da hayaƙi, gidan ya ruguje sannu a hankali. Rugujewar nan ita ce zuciyar littafin. Da aka gajarta ta, talaucin ya zo kamar faɗuwar gini, ba kamar zaizayar ƙasa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen. Welles ya rufe fim ɗin da ziyarar Eugene, mai ƙera motoci, ga Fanny, 'yar'uwar surukin gidan Amberson, a wani gidan haya, tsofaffi biyu da magana ta ƙare musu. Kamfanin ya sa aka ɗauki sabo a barandar asibiti, suna tafe cikin murmushi da sulhu. Wannan sabon ya fi kusa da yadda Tarkington ya rufe littafinsa! Amma hasken, kiɗan da yanayin 'yan wasan duk ba su dace da abin da ya gabata ba. Bin labarin littafi daban, riƙe ruhinsa daban. Bernard Herrmann, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, da ya ga an datse kiɗansa an cusa na wani, ya sa aka cire sunansa.

Blade Runner, wanda shi ma daga littafi aka ciro shi, ya sha irin wannan a 1982: aka ɗora masa muryar mai ba da labari da ƙarshe mai daɗi. Shi ya tsira domin an adana faifansa, aka sake haɗa shi a 1992 da 2007. RKO kuwa ya lalata asalin abin da ya yanke, kwafin da aka aika wa Welles a Rio ma har yau ba a gan shi ba.