Mako na uku: rage wa furosesa wuta, ta manhaja ko ta BIOS

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Kun san laftof ɗina, wanda fankarsa ke kuka kamar za ta tashi sama, furosesa kuma ya doshi digiri 100, inda yake rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Maganin da na kama shi ne rage masa ƙarfin wuta. Zafin da yake fitarwa yana bin ƙarfin wutar ne ninki a kan ninki, shi ya sa ɗan ragi kaɗan ke yin tasiri sosai.

Da manhajar ThrottleStop na fara, ko da yake manhajar Intel XTU ma za ta yi. Na riƙa ragewa da milibolt (ƙaramin ma'aunin ƙarfin wuta) 10 a kowane zama, ina sa ragi ɗaya ga zuciyar furosesa da ma'ajiyarsa ta kusa, domin a irin nawa tare suke tafiya. Kwana biyu na ɓata ina murna a banza: lambar na canzawa a manhaja, amma HWiNFO, manhajar da ke nuna ainihin halin na'ura, na nuna ragin sifili ne. Ashe kariyar ƙwaƙwalwa ta Windows, wadda ke aiki da Hyper-V (tsarin na'urorin kwaikwayo na Windows), ita ta tare hanya. Ku duba wannan tun kafin ku yi nisa.

Wasunku ko sun kashe ta ba za su ga canji ba. Tun Disamban 2019, da aka fallasa raunin tsaro mai suna Plundervolt, sabuntawar BIOS, wato tsarin da ke tayar da na'ura kafin Windows, ta kulle ƙofar rage wutar a laftof da yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda yake faɗuwa. A ragin milibolt 110 ya cinye gwajin nauyi na Cinebench lafiya lau, sai ga shuɗin allon faɗuwar Windows ina karanta wasiƙa, ba aikin komai. Lokacin hutu wutar dama ƙasa take, ragin sai ya kai ta inda ba za ta riƙe shi ba. Gwajin nauyi kaɗai bai isa shaida ba; sai an bar shi ya yini a kunne, ya yi barci, ya farka.

A nan manhaja ta fi min BIOS. In ka zarce, ka sake kunnawa, komai ya koma yadda yake. BIOS kuwa tun kafin Windows ya tashi yake ɗora lambar, ba ruwansa da wace manhaja ta buɗe ko ta manta bayan barci, har Linux ma ya amfana. Amma in ka yi ganganci a can, na'urar na iya ƙin tashi sam, sai ka kwance bayanta ka cire ƙaramin batirin CMOS mai riƙe saitin BIOS. Ni kam ban shirya wa sukurdireba ba.

Yanzu ina kan ragin milibolt 90 a manhaja, kwana biyar ba faɗuwa. In ya cika mako biyu, 80 zan rubuta a BIOS, in bar goman nan ta zama rara.