Wasiƙa daga Normandi: Abin da na sani game da Ousmane Dembele

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga birnin Rouen da ke yankin Normandi a arewacin Faransa, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kasuwa. Gaisuwa ta musamman ga ma'abota gidajen kallon ƙwallo na Kano da Maraɗi da Damagaram da Jos, domin yawancin maganar tawa da ku ce. Tun da aka ba Ousmane Dembele, ɗan wasan ƙungiyar PSG ta Paris, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya ta Ballon d'Or ranar 22 ga Satumba 2025 nake ganin saƙonni na yawo a wayoyi, kowa na cewa haƙuri ne ya kai shi. Ban musa ba, akwai haƙuri a ciki. Amma in muka tsaya a nan mun tauye labarin, domin akwai mutanen da suka yi aiki a kan yaron nan tun yana ƙarami, akwai likitocin da suka ɗinke masa jiki, kuma akwai wahalar da shi da kansa ya yarda ya sha a fili bayan ya girma.

Dembele ɗan yankinmu ne na nan. An haife shi a garin Vernon ranar 15 ga Mayu 1997, ya tashi a Evreux, wani gari mai tazarar kusan kilomita 100 yamma da Paris. Mahaifinsa ɗan asalin Mali ne, mahaifiyarsa kuma tushenta Muritaniya da Senegal. Unguwarsu sunanta La Madeleine, unguwa ce ta dogayen benaye na masu ƙaramin ƙarfi, cike da iyalan da suka zo daga Afirka ta Yamma da ƙasashen Magrib. A unguwar nan Dayot Upamecano na Bayern Munich ya taso, tare suka yi ƙwallon yarinta. Shi ma Steve Mandanda, tsohon golan Marseille, a Evreux ya girma.

Ba ruwan garin ne ke da albarkar ƙwallo ba. Tsari ne. A Faransa kusan kowace unguwa tana da ƙaramar ƙungiya mai rajista, filin na hukumar gari ne, yaro ɗan shekara shida ana yi masa katin ɗan wasa da sunansa da ainihin ranar haihuwarsa, kuma duk ƙarshen mako akwai wasa da alƙalin wasa. Dembele ya fara a ƙungiyar unguwarsu, ya koma Evreux FC 27, a 2010 yana da shekara 13 makarantar horon matasa ta Rennes ta ɗauke shi. Mahaifiyarsa ta tattara ta koma Rennes domin kada a bar yaro shi kaɗai a baƙon gari. Ni a wurina wannan ƙaurar ta fi duk ƙwallayen da ya ci daga baya nauyi.

Ina so masu ƙananan ƙungiyoyi a gida su ji wannan da kyau. A dokar FIFA, in an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai akwai rajista a rubuce. Kocin da ya yi shekaru yana saya wa yaro takalmi da kuɗin aljihunsa ba tare da takarda ba, ranar da yaron ya yi daraja ba shi da hujjar karɓar ko sisi. Haka nan dokar ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba a kai shi wata ƙasa da sunan ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe. Saboda haka duk wanda ya zo wa uba da maganar a sayar da gona zai kai ɗan shekara 15 gwaji Turai, a bincike shi sosai.

Mu koma kan yaron. Wasansa na farko a babbar gasar Faransa ya buga shi a Nuwamba 2015 da Angers. Kafin kakar ta ƙare ya ci ƙwallo 12 a wasa 26, ciki har da uku rigis a ragar Nantes, maƙwabtan Rennes kuma abokan hamayyarsu, a Maris 2016. Abin da ya rikita 'yan baya shi ne ba ka sanin ta ina zai bi. Ɗan wasan gefe yawanci ƙafa ɗaya gare shi, ka tare masa ita ka huta. Shi kuwa dama da hagu duk ɗaya ne. An taɓa tambayarsa a gaban kyamara, ya ce shi bahago ne, amma fenariti da dama yake bugawa don ta fi masa daidai.

Borussia Dortmund ta saye shi a 2016 kan kimanin Yuro miliyan 15. Ƙarƙashin koci Thomas Tuchel ya yi kaka ɗaya tak, amma kaka ce mai kyau. Shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Bayern a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Jamus, shi kuma ya fara zura ƙwallo a wasan ƙarshe da suka doke Eintracht Frankfurt 2-1 a Mayu 2017. Mutane kan manta cewa a Afrilun wannan shekarar yana cikin tawagar da aka tayar wa bama-bamai a gefen motarsu, suna hanyar zuwa karawa da Monaco, kuma washegari aka sa su suka buga wasan. Lokacin bai cika shekara 20 ba.

Daga nan sai kuɗi suka shigo. PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, Barcelona ta ruɗe tana neman mai cike gurbi ido rufe. Dembele ya ƙaurace wa atisaye a Dortmund don a sake shi. Wannan kuskure ne, kuma har yau magoya bayan Dortmund da yawa ba su yafe masa ba. Barcelona ta biya miliyan 105, da alƙawarin ƙarin kusan 40, ta ba shi riga mai lamba 11 da Neymar ya bari. Yaron da bai cika shekara biyu a babbar ƙwallo ba aka ɗora wa wannan kaya. Ranar 16 ga Satumba 2017, a wasa da Getafe, jijiyar bayan cinyarsa ta tsinke. Aka kai shi Finland aka yi masa tiyata, ya yi wata kusan huɗu yana jinya.

Shekarun da suka biyo baya kun san su, don a gabanku aka yi. Ya dawo, ya sake jin rauni. A Fabrairu 2020 jijiyar ɗaya cinyar ta tsinke, aka koma Finland. A gasar Turai ta 2021 ya shigo canji da Hungary, bai gama wasan ba, sai wata tiyatar. Jaridun Sifaniya suna ta rubuta cewa yana makara zuwa atisaye, yana kwana wasan bidiyo, ba ya kula da abin da yake ci. Wasu daga cikin zarge-zargen suna da tushe, shi ma daga baya bai ɓoye cewa ƙuruciya ta sa ya yi sakaci ba. Sai kuma ƙwallon nan da ya ɓarar a minti na ƙarshe da Liverpool a gasar Zakarun Turai a 2019, Barcelona na gaba da 3-0, Messi ya ajiye masa ita. Da ta shiga, wataƙila abin da ya faru a Anfield, gidan Liverpool, inda aka ci Barcelona 4-0 aka fitar da ita, bai faru ba.

Magoya bayan Barcelona na da hujjar fushi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka mai da ciwo abin dariya. Mai gudu irin nasa, wanda ke tashi a guje ya taka birki ya juya cikin daƙiƙa ɗaya, tsokar bayan cinya ce ke ɗaukar duk wannan nauyin. In ta tsinke sau ɗaya, wurin ɗinkin ba ya komawa kamar da sai da dogon horo na ƙarfafa jiki, kuma ɗan wasa yakan daɗe yana tsoron sakin ƙafa. Wanda aka zuba wa miliyoyi a ka kuwa, kowa na gaggawar ya dawo. Duk da haka ya buga wa Barcelona wasa 185, ya ci 40, ya ɗauki La Liga sau uku, kuma yana cikin tawagar Faransa da ta ci kofin duniya a 2018.

A Janairu 2022 shugabannin ƙungiyar suka fito fili suka ce ko ya sa hannu a sabon kwantiragi ko ya tattara ya tafi. 'Yan kallo suna masa ihu a Camp Nou. Kocinsu Xavi ne ya dage ya ci gaba da sa shi, kuma ya ƙare kakar da ba da ƙwallo 13 aka ci, babu wanda ya kai shi a La Liga. A wannan tsakanin ya yi aure, ya gyara cinsa da barcinsa, ya ɗauki masu kula da lafiyar jikinsa. Amma shekarar ba ta ƙare da daɗi ba. A wasan ƙarshe na kofin duniya a Qatar shi ya kayar da Di Maria aka ba Ajantina fenariti, kuma kocin Faransa Deschamps ya cire shi tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. A nan Faransa an yi makonni ana caccakarsa a rediyo.

PSG ta saye shi a Agusta 2023 kan kimanin Yuro miliyan 50, ƙasa da rabin abin da Barcelona ta biya. Kakarsa ta farko ƙwallo shida kawai ya ci, biyu daga ciki a ragar Barcelona a gasar Zakarun Turai. Da Mbappe ya tafi Real Madrid, kocin PSG Luis Enrique ya ce ba ya son ƙungiya ta dogara da mutum ɗaya, kowa zai yi gudu, kowa zai tsare gida. A Oktoba 2024 ya ajiye Dembele a Paris, bai tafi da shi wasan Arsenal ba, saboda saɓanin ladabi. A Nuwamba ya karɓi jan kati a gidan Bayern. Da wani ne, a nan zai fara neman wata ƙungiya.

A Disamba kocin ya ɗauke shi daga gefe ya mai da shi tsakiyar gaba, amma ba irin ɗan gaban da ke tsayawa yana jiran a kawo masa ba. Yana saukowa tsakiya ya karɓa, ya janye mai tsaronsa, ya buɗe wa Barcola da Doue da Kvaratskhelia hanya. Amfanin canjin a fili yake: a da sai ya yanke mutum biyu ko uku daga bakin layi, ya iso gaban raga a gajiye ya buga sama. Yanzu ƙwallo na samunsa kusa da raga da sauran numfashi. Ya ci uku a ragar Stuttgart ranar 29 ga Janairu 2025, bayan kwana uku ya ƙara uku a ragar Brest. Shi ya ci a Anfield a Maris, shi ya ci a gidan Arsenal a Afrilu tun a minti na huɗu. Ya ƙare gasar Faransa da 21, kunnen doki da Mason Greenwood, jimillar kakar kuma 35.

Amma wasan da nake so yaranmu su nema su kalla shi ne wanda bai ci ko ɗaya ba: wasan ƙarshe a Munich ranar 31 ga Mayu, da PSG ta lallasa Inter 5-0 ta ɗauki kofin Zakarun Turai karo na farko. Ku lura da shi duk lokacin da golan Inter, Yann Sommer, zai buga ƙwallo daga gida. Dembele na tsaye a bakin layin yadi na 18, ya ɗan duƙa, idonsa a kan golan, ana taɓa ƙwallo ya taso a guje. Haka ya yi ta yi har Inter ta kasa fita daga gidanta. Ya ba da biyu aka ci, amma bayan wasan Luis Enrique cewa ya yi shi zai ba shi Ballon d'Or ne saboda yadda ya tsare gida daga gaba. Wannan gudun ba baiwa ba ce. Yaron da ake zargi da lalaci ne ya yarda ya yi aikin da taurari da yawa ke ganin ya fi ƙarfin darajarsu.

Daren kyautar a ɗakin taro na Chatelet da ke Paris, Ronaldinho ne ya miƙa masa. Lamine Yamal ya zo na biyu, Vitinha na uku. Shi ne Bafaranshe na shida da ya samu, bayan Kopa da Platini da Papin da Zidane da Benzema. Ya gode wa Rennes da Dortmund da Barcelona, bai ci mutuncin kowa ba. Da ya zo kan mahaifiyarsa sai kuka ya ƙwace masa, aka hau da ita dandamali.

Abin da ke damuna shi ne dalilin da ya sa ya samu halartar taron. A daren nan PSG na can tana wasa da Marseille, shi kuwa yana jinya, domin a farkon Satumba cinyar ta sake kama shi a wasan Faransa da Yukren, har PSG ta fito ta nuna ɓacin ranta ga hukumar ƙwallon Faransa. Kakar 2024/25 sai 13 ga Yuli 2025 ta ƙare musu, da wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi da Chelsea ta ci su 3-0 a Amurka, kuma tsakiyar Agusta sun dawo fili da Tottenham. Jikin da aka yi wa tiyata sau uku ba zai jure wannan jadawalin shekara da shekaru ba, in masu tsara gasanni ba su rage ba. Allah Ya ƙara masa lafiya.

A gaishe min da kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku mazaunin Rouen