Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar Da Na Ƙona Wayar Mutane

Jama'a barkanmu da war haka, mu ɗora daga inda muka tsaya wancan satin.

Kun tuna ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, sun tafi yajin aiki a Fabrairun 2022 muna aji biyu a fannin lantarki, to ni dai ba abin da nake sai barci da majalisa da gidan kallon ƙwallo har aka yi azumi aka sha ruwa. Bayan ƙaramar sallah Baba ya ce in sa riga in biyo shi, bai tsaya ko'ina ba sai Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wajen ɗan abokinsa mai gyaran waya, shagon ko tabarma biyu ba zai ci ba. Ya ce masa "ga ƙaninka nan, in ya kawo maka iskanci kar ka raga masa."

Ni fa a lokacin kaina a kumbure yake, ɗan jami'a guda, na haddace dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki, Oga kuwa ko sakandare bai ƙarasa ba. Sati uku aikina shara da siyo abinci da kwance sukuru. Rannan ya tafi sallar la'asar wata hajiya ta kawo Tecno ba ta caji, na ce yau ranata ce. Na kunna bulowa, na'urar da ke huro iska mai zafi, na kafa mata zafi zan cire wajen cajin, ban rufe komai ba, ban ma cire batir ba (ku yi dariyarku), kafin in ankara roba ta narke wari ya cika shagon.

Oga ya dawo ya duba, bai zage ni ba, wallahi da zagin ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ba hajiya haƙuri ya ce gyaran na wuyansa. Sannan ya jawo wani mataccen fanel, wato allon cikin waya, ya miƙo min mitar awon wuta ya ce "Injiniya, nemo min inda ya yi shot." Wato inda wuta ta haɗe. Na fi awa ina zare ido. Shi kuwa wuta kaɗan ya ba shi ya bi da yatsa, inda ya ji ɗumi ya ɗauke wata 'yar kafasita, abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, kamar ƙwayar gero, fanel ya tashi. Kafasitar da na zana a takardar jarabawa ta fi ashirin, ranar na fara ganinta a jikin waya.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin, lokacin har na fara samun na kati da na mai. Na je wa Baba da maganar ni ba zan koma makaranta ba. Abin da ya ce min, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.