Makaɗan Matan Fada

Na tashi daga Birnin Kebbi da sassafe a ƙarshen hunturu, na kama hanyar Argungu, wadda ta ratsa fadamun shinkafa, hazo kuwa bai gama washewa ba. Lokacin bikin kamun kifi ne, wanda aka soma a 1934 bayan sulhun Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, amma ni kiɗa ne ya kai ni.

Na daɗe ina sauraron makaɗan jaz na Amurka da suka ƙi yarda ganga ta zama 'yar rakiyar sauran kayan kiɗa. Max Roach ya kafa ƙungiyar M'Boom a 1970, wadda ba ta amfani da komai sai kayan bugawa, shi kuma Milford Graves, wanda ya rasu a 2021, ya shafe shekaru yana naɗar bugun zuciyar mutane, saboda yana ganin abin da ke da rai ba ya tafiya da ƙa'idar agogo. Ina so in ji da kunnena ko namu makaɗan sun san irin hanyarsu ta ƙirƙirar kiɗa nan take, ba tare da tsararren shiri ba.

Na leƙa gidan tarihi na Kanta a gurguje, na gangara bakin kogin Matan Fada. Da aka ba da izini, dubban masunta suka auka cikin ruwa da homa da gora, makaɗa kuma suna cikin kwalekwale suna bin su. Abin da ya kama hankalina shi ne idon makaɗin ba ya barin ruwa. Idan masunta suka yi dafifi wuri ɗaya, sai hannunsa ya yi sauri. Idan wani ya nutse ya daɗe bai ɗago ba, sai ya sassauta yana jira, da zarar kuma mutumin ya taso da babban kifi, sai ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, muryar kalangun ta hau sama tare da sowar jama'a. Ƙarar goruna a kan ruwa da ihun 'yan kallo duk suna shiga cikin kiɗan, domin yana bar musu gurbi, sa'an nan ya amsa musu.

Da yamma na zauna da wani dattijon makaɗi, na tambaye shi yadda yake shirya abin da zai kaɗa. Ya ce shiri kaɗan ne, domin fatar kalangu ba ta kwana da murya ɗaya: raɓa da danshin kogi suna sa ta saki, sai an shanya ta a rana, iskar hunturu kuwa tana ɗaure ta har sautin ya yi kaifi. Saboda haka take ɗaya ba ya fita iri ɗaya da safe da la'asar. Sai dai taken kowane gwani sananne ne, jama'a suna jin kalmominsa a bakin kalangu, kuma duk kwanar da makaɗi zai yi, dole mai taken ya gane da shi ake. A ganina wannan ya fi wuya a kan sakin hannu gaba ɗaya, kuma yana damuna ƙwarai da ake kallon masu wannan fasaha a matsayin adon biki kawai.

Na ciro waya na ce, “Baba, ga wani makaɗi daga Amurka, ina so ka ji shi.” Na kunna masa kiɗan Graves, ya kasa kunne har ƙarshe yana taɓa gwiwarsa da yatsu. Ya ce, “Ɗana, wannan yana da hannu, kuma yana sauraron kansa. Amma wa yake kira?” Na ce masa ba taken kowa ba ne. Ya yi mamaki matuƙa, ya sa na sake kunnawa, ya jawo kalangunsa ya shiga cika guraben da Ba'amurken ya bari da taken wani masunci na garinsu.